Ƙaramin fanni a bayoinfomatiks: yadda zangon farko ya kaya

Litinin, 26 ga Agusta, 2024

Yau aka buɗe zango. Ina aji uku a nan Amurka, ina karanta bayokemistiri, kuma bana na ɗaura niyyar ɗora ƙaramin fanni a kai. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, don ƙannena da ke neman gurbin karatu a waje sun dame ni da tambaya, bayanin waya kuma ba ya zama a kai.

Wanda ya yi jami'a a gida zai ga tsarin baƙo. A Najeriya in aka ba ka bayokemistiri, shi ke nan, sashenku ne zai tsara maka kusan duk abin da za ka ɗauka har ka fita. A nan ɗalibi yana da babban fanni, wanda shi ne digirinsa. Sannan in ya ga dama sai ya tara kwasa-kwasai biyar zuwa bakwai daga wani sashen, a rubuta masa su a matsayin ƙaramin fanni. Yawanci kiredit (ma'aunin nauyin kwas) 15 ne zuwa 21, daga cikin kusan 120 da ake buƙata a gama digiri. Ba digiri na biyu ba ne. A jami'o'i da dama ma ba ya fitowa a jikin satifiket, sai a takardar sakamako.

Biyu ne a gabana. Na farko kimiyyar kwamfuta: rubuta manhaja kashi biyu, tsarin adana bayanai, wani lissafi na 'yan kwamfuta, da kwas biyu na zaɓi. Na biyu bayoinfomatiks, wato nazarin DNA da furotin ta hanyar kwamfuta: rubuta manhaja kashi ɗaya, ƙididdiga, ilimin gado, gabatarwar fannin, nazarin jinom (wato dukan DNA ɗin da ke jikin halitta), sai aikin bincike a ƙarshe. A jami'armu ba dole a bayyana zaɓi yanzu ba, don haka na nemi kwas ɗaya daga kowane ɓangare in ɗanɗana. Bara na riga na yi kashin farko na rubuta manhaja da Python.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na zauna da malamar da ke duba mana kwasa-kwasai, na fito jikina a sanyaye. Lissafin da na je da shi shi ne ilimin gado da ƙididdiga, waɗanda na riga na ci a babban fanni, za su shiga cikin ƙaramin, in rage biyu tun kafin in fara. Ta ce a'a. Dokar sashen ita ce kwas ɗaya tak ake yarda ya yi aiki biyu. Sai in zaɓi ɗaya, in nemo wani kwas ɗin ya maye gurbin ɗayan. A shafin sashen ba a rubuta wannan ba, yana can cikin kundin jami'a a wani sashe daban. Duk mai shirin haka ya fara yin wannan tambayar kafin komai, domin kowace jami'a da tata dokar.

Maganar kuɗi kuma: kuɗin zango ɗaya ne daga kiredit 12 har 18. In ka haura 18, kowane kiredit da kuɗinsa, tallafin karatuna kuma bai ɗauki wannan ba. Ƙasa da 12 ma ba zai yiwu ba, domin bizar ɗalibai ta F-1 ta wajabta cikakken karatu. Tsakanin waɗannan lambobi biyu zan yi ta juyawa har in gama. Na zangon nan 17 ne.

Laraba, 4 ga Satumba

An samu gurbi a kwas ɗin tsarin adana bayanai, wani ya janye. Da yaren manhaja na Java ake koyarwa, ban taɓa taɓa shi ba. Littafin haya na karɓa, dala 48 zuwa Disamba.

Juma'a, 6 ga Satumba

Malamin bayoinfomatiks ya cinye makon nan yana ba da tarihi, ni kuma na ji daɗinsa fiye da yadda na zata. Na ɗauka fannin ya zo ne da aikin jinom ɗin ɗan Adam da aka kammala a 2003. Ashe tun 1965 Margaret Dayhoff ta fara tattara jerin furotin da aka sani a littafi guda, kuma ita ta ƙirƙiro rubuta kowane amino asid, wato tubalin da ake gina furotin da shi, da harafi ɗaya, don ya shiga katin kwamfutocin zamanin da wuri bai ishe su ba. Har yau da haruffanta ake aiki. GenBank, rumbun da ake zuba jerin DNA, an buɗe shi a 1982. BLAST, manhajar da ake neman kamanni da ita a cikin rumbun, ta fito a 1990.

Mu talatin da wani abu ne a ajin. Kusan rabi daga sashen kwamfuta suke, ba su san bambancin DNA da furotin ba. Sauran irina ne, mun san wannan amma baƙin allon nan da ake buga umarni a ciki yana ba mu tsoro. Malamin ya ce zai haɗa mu biyu-biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Asabar, 14 ga Satumba

Aikin gida na farko: ka zaɓi ƙwayar gado ɗaya, ka sauke jerinta daga NCBI, cibiyar Amurka da ke riƙe da GenBank, ka rubuta manhajar da za ta mayar da ita furotin. Ban yi dogon tunani ba na ɗauki HBB, wadda ke ƙera wani sashe na himogulobin, abin da ke ɗaukar iska a jini. A cikinta matsalar sikila take. Babu gidan da ban san mai sikila ba a danginmu ko maƙwabta, amma ban taɓa ganin abin da idona a rubuce ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce a takarda. DNA haruffa huɗu ne, A, C, G, T, ana karanta su uku-uku, kowane uku na nufin amino asid ɗaya. Na rubuta manhajar, na gwada ta da ɗan gajeren jeri, ta yi daidai. Da na ba ta HBB sai ta fara da kyau, M V H L T P E E K, ta ɗan yi gaba, sannan ta koma zubo haruffan da ba su da kai ba su da gindi, ta tsaya tun ba ta kai ko'ina ba. Furotin ɗin ya kamata ya zo da amino asid 147 in an haɗa da na farawa.

Yinin Asabar a nan ya tafi. Na bi manhajar layi-layi ban ga aibunta ba, domin babu. Shafin na NCBI yana ba da jeri iri biyu, kuma wanda ya fara fitowa shi ne na cikin kuromosom, mai haruffa kusan 1,600. A cikinsa akwai yankuna biyu da ake kira intiron, waɗanda ƙwayar halitta ke yanke su ta zubar kafin ta haɗa yankuna ukun da suka rage. Manhajata ba ta san da wannan ba, ta faɗa cikin intiron na farko tana ta karantawa. Da na sauke jerin da aka riga aka tace, mai haruffa 444, sai ga furotin ɗin cif.

Abin da ya tsaya min shi ne, intiron na rubuta shi a jarrabawa tun aji ɗaya, na ci makinsa. Amma sai yau na san cewa wuri ne da ke da farko da ƙarshe, wanda za ka iya nuna harafin da ya fara.

Daga nan na canza harafi ɗaya da hannuna. ATG GTG CAT CTG ACT CCT GAG. Na mayar da GAG ɗin nan GTG, na sake kunna manhajar, E ta koma V. Gulutamik asid ya zama balin. Sikila ke nan gaba ɗayanta, harafi ɗaya cikin fiye da biliyan uku. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar daban yake, Vernon Ingram kuma ya gano wurin bambancin a 1956.

Lahadi, 22 ga Satumba

Java, Java, Java. Abin da Python ke yi a layi uku, a nan sai an yi gaisuwa mai tsawo kafin a kai ga magana. Aikin ɗakin karatu awa 12 a mako, ban ƙara ba duk da biza ta yarda har 20.

Talata, 1 ga Oktoba

Yau kwas biyun suka haɗu a wuri ɗaya, ba tare da malaman sun shirya ba.

An ba mu jinom ɗin ƙwayar cutar E. coli, haruffa kusan miliyan 4.6, aka ce mu ƙirga sau nawa kowane guntu mai haruffa 12 ya fito. Na yi yadda hankali ya fara ba ni: jeri guda, duk guntun da na samu in duba ko yana ciki, in babu in ƙara shi. Na kunna bayan la'asar. Na yi magariba, na ci abinci, na yi isha'i, fankar kwamfutar tana ta huci, ko kashi ɗaya cikin goma ba ta kai ba.

Abokin aikina, ɗan sashen kwamfuta, ya leƙa ya yi dariya, ya ce in cire jerin in sa ƙamus, wata hanyar adana bayanai a Python. Layi biyu na canza. Kafin in aje kofin shayi ta gama.

Dalilin shi ne darasin da aka yi mana a ɗaya ajin makon jiya, wanda na zauna ina hamma. In kana neman mutum a kasuwar Kurmi, ko dai ka bi rumfa-rumfa kana leƙawa, ko ka je wurin mai riƙe da rajista ya faɗa maka lambar rumfarsa. Jeri rumfa-rumfa yake bi, kuma duk sanda ya ƙara tsawo neman yana ƙara daɗewa. Ƙamus yana sarrafa guntun ya fitar da lamba, ya tafi wurin kai tsaye, ko abu goma ne a ciki ko miliyan. Da bayanai kaɗan ba za ka ga bambanci ba, shi ya sa aikin aji bai taɓa nuna min ba. Sai da jinom ya zo.

Wannan ya sa na fara shakkar tsarin ƙaramin fannin bayoinfomatiks na jami'armu. Kwas ɗin tsarin adana bayanai ba ya cikin na dole. Mutum zai iya gamawa bai taɓa jin wannan darasin ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

An sanar da kyautar Nobel ta kemistiri: rabi ga David Baker kan ƙera sababbin furotin da kwamfuta, rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind kan AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin daga jerin haruffansa. Malaminmu ya shigo aji baki har kunne. 'Yan sashen kemistiri kuwa sun yini suna ƙorafin cewa 'yan kwamfuta sun shigo musu gida.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sakamakon jarrabawar tsakiyar zango ya fito. Bayoinfomatiks 88. Tsarin adana bayanai 61.

Ta biyun a takarda aka yi ta, da fensir, babu kwamfutar da za ta nuna maka inda ka manta alama. An ce mu rubuta yadda ake goge abu daga bishiyar bayanai, mu kuma faɗi yadda lokacin aikin zai ƙaru in bayanan suka ninka. Na fahimci tambayar, lokaci ne bai ishe ni ba. Waɗanda suka yi kashi na biyu na rubuta manhaja da Java hannunsu ya riga ya faɗa, ni kuwa ina tunanin amsar da yaren a lokaci guda.

A sashenmu sai an samu C ko sama kafin kwas ya shiga lissafin ƙaramin fanni. Akwai damar janyewa har farkon Nuwamba, a rubuta maka W, ba ya taɓa maki. In na janye zan koma 13, ban faɗi ƙasa da 12 ba, biza lafiya. Amma kwas ɗin zai dawo min a zangon da na riga na cika da lab biyu. Na je wurin mataimakin malamin a lokacin ganawa. Ya duba takardata ya ce tunanin daidai ne a mafi yawan wuraren, hannu ne bai saba ba, kuma aikin gida da jarrabawar ƙarshe sun fi wannan nauyi. Zan zauna. Na rage aikin ɗakin karatu zuwa awa 8, wato kuɗin cefane zai ragu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Makon jera jeri biyu a kwatanta. Malamin ya hana mu taɓa kwamfuta sai da muka cike jadawalin Needleman da Wunsch, na 1970, da hannu a kan takarda mai gida-gida. Jeri ɗaya a sama, ɗaya a gefe, kowane gida ka duba maƙwabtansa uku ka ɗauki mafi maki, in ka kai kusurwar ƙarshe ka biyo sawu baya. Smith da Waterman sun gyara shi a 1981 don a nemo yankin da ya fi kama kawai, ba sai an jera duka ba.

Da na rubuta nawa na gwada sarƙar beta ta himogulobin, wadda HBB ke ƙerawa, mai amino asid 146, da ta alfa mai 141. Gida dubu ashirin da 'yan kai, nan take ta gama, kuma kamannin ya nuna asalinsu ɗaya. Amma kuromosom na 11 kaɗai haruffa kusan miliyan 135 ne, jadawalin irinsa biyu babu kwamfutar da za ta ɗauka. Shi ya sa BLAST ba ta cike jadawali duka. Tana fara neman gajerun guntayen da suka yi daidai, sannan ta faɗaɗa daga nan. Wato dai ƙamus ɗin ranar 1 ga wata ne ya sake dawowa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, tazarar da ke tsakaninmu da gida ta ƙaru. Na yi waya da Yaya. Ya ce, "To, wannan ƙaramin abin naki, in kin dawo wa zai gane shi? Wurin bautar ƙasa digirinki za su duba." Na ce, "Gaskiya ne Yaya, takardar ba za ta yi magana ba, sai dai in na zauna gaban kwamfuta a gani." Na ba shi labarin cibiyar ACEGID da ke jami'ar Redeemer's a Ede, inda aka fitar da jinom ɗin ƙwayar korona na farko a Afirka a Maris 2020. Ya ce Allah ya taimaka, amma kada babban karatun ya sha wahala. Ya kuma ce Baba na tambaya ko sanyi ya fara.

Aikin ƙarshen zango: ni da abokin aikina za mu duba yawan nau'in sikila a bayanan 1000 Genomes, shirin da ya karanta jinom ɗin mutane daga sassan duniya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Kwamfutata ta cika, ta kuma fara mutuwa da kanta. Na sayi ma'ajiyar waje, dala 62. Na nemi izinin amfani da babbar kwamfutar jami'a tun ranar Litinin. Wani ofis ya tura ni wani, na biyun ya ce sai malami ya sa hannu, malamin ya sa, har yanzu shiru.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Izinin ya fito ranar Laraba. Tun daga nan muke fama da harafi ɗaya.

Canjin sikila yana da lamba a rumbun bayanai, rs334. Na duba matsayinsa a NCBI: kuromosom 11, harafi na 5,227,002. Muka sauke fayil ɗin kuromosom ɗin daga bayanan 2015, mutum 2,504 daga al'ummomi 26. Muka ce wa manhajar bcftools ta ciro mana wannan matsayin. Babu shi. Abokin aikina ya ce ƙila ƙirgar ce, tunda Python daga sifili take farawa, fayil ɗin kuma daga ɗaya. Muka gwada gaba da ɗaya, baya da ɗaya, babu rs334. Ya ce ƙila fayil ɗin ya lalace wajen saukewa, muka sake saukewa. Haka dai.

Sai ranar Juma'a wata ɗalibar digiri na uku da ke zama kusa da mu a lab ta tambaye mu wace taswira muke bi. Ashe jinom ɗin da ake auna kowa da shi bugu-bugu ne. NCBI na nuna na GRCh38, wanda ya fito a 2013, fayil ɗinmu kuma an gina shi a kan GRCh37 na 2009. Tsakanin biyun an cike giɓi an gyara wurare, lambobi suka gusa. A tsohon, rs334 yana 5,248,232. Tazarar haruffa fiye da dubu ashirin da ɗaya. Abin tsoron shi ne manhajar ba za ta yi maka gardama ba. Da an yi dace akwai wani canjin a wancan matsayin, da ta miƙo mana shi, mu kuma mu rubuta rahoto a kansa hankali kwance.

Muka sa sabuwar lambar, layin ya fito. Amma an rubuta T ta koma A. Ni kuma na san GAG ce ta koma GTG, wato A ta koma T. A nan ne ilimina ya yi rana, abokin aikina ya zuba min ido. DNA zare biyu ne, A tana fuskantar T, C tana fuskantar G, kuma suna tafiya ne a juye da juna. Fayil ɗin zare ɗaya yake rubutawa daga farkon kuromosom zuwa ƙarshe, ita kuwa HBB a ɗaya zaren ake karanta ta. Abu ɗaya ne aka kalla daga baya.

Akwai na uku ma, ƙarami. Littattafan likitanci suna cewa amino asid na 6, rumbun bayanai na cewa na 7. Duka daidai ne: wasu na ƙirga na farawa, wanda ake cirewa daga baya, wasu ba sa ƙirgawa.

A ganina wannan makon shi ne fannin. Kuma babu ɗayanmu da zai fita shi kaɗai.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Sakamako ya fito. A al'ummomin Afirka biyar da ke cikin bayanan, nau'in sikila yana tsakanin kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari na kuromosom ɗin da aka duba, Yarbawan Ibadan ne a sama. A na Turai da gabashin Asiya kusan babu. Muka sa kashi 14 a lissafin Hardy da Weinberg na 1908, mai hasashen yawan AA, AS da SS daga yawan nau'in, ya ba da kusan mutum ɗaya cikin huɗu mai AS, da kusan biyu cikin ɗari da za a haifa SS. Ya yi daidai da abin da ake faɗa a asibitocin gida. Dalilin yawan kuma sananne ne tun aikin Anthony Allison na 1954: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka nau'in ya yaɗu a inda sauro ya yi yawa. A harafin da ke maƙwabtaka da shi muka ga na HbC, wani nau'in himogulobin, inda GAG ta koma AAG, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso.

Sai na tsaya a kan jerin al'ummomin. Yarbawa 108, Esan 99, Mende na Saliyo 85, 'yan yammacin Gambiya 113, Luhya na Kenya 99. Babu Bahaushe, babu Bafulatani, babu Babarbare, babu kowa daga Nijar ko Chadi. Duk abin da zan ce game da mutanenmu daga wannan fayil ɗin, aro ne daga Ibadan. Shirin H3Africa na nazarin gado da lafiya a Afirka, da aka ƙaddamar a 2010, ya faɗaɗa abin, amma yawancin bayanansa sai an rubuta takardar neman izini, ɗalibar aji uku ba ta isa ba. A bana Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif, wato ana ɗibar jini kullum. Amma gwajin AA, AS, SS daban, karanta jerin DNA daban. Na sa wannan giɓin a rahoton a sakin layi na kansa, duk da abokin aikina na ganin ba ya cikin abin da aka tambaye mu.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Hutun godiya, wato Thanksgiving, harabar makaranta fayau. Na yi ta bitar bishiyoyi da Java.

Wata 'yar ajinmu ta turo min jerin sunayen ƙwayoyin gado in duba mata, na ga "2-Sep" a tsakiya. Excel ce ta ga SEPT2 ta ɗauka 2 ga Satumba ake nufi. Matsalar ta yi yawa a takardun bincike har sai da kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza su a 2020: SEPT2 ta zama SEPTIN2, MARCH1 ta zama MARCHF1. Jerin nata tsoho ne.

Alhamis, 5 ga Disamba

Mun gabatar, minti goma. Malamin ya tambayi me ya sa wasu masu SS ke shan wahala fiye da wasu, alhali harafi ɗaya ne ya canza musu duka. Na amsa da abin da na sani: himogulobin na jarirai, wanda in ya ci gaba da yawa a jini yana sassauta ciwon, shi ne ma abin da maganin hydroxyurea ke ƙarawa. Ya ce to ga aikin bincikena na baɗi. Ya ambaci BCL11A, ƙwayar gadon da ke kashe himogulobin na jarirai bayan haihuwa, wadda maganin Casgevy ke taɓawa. Amurka ta amince da shi a Disamba 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ajin ya yi tsit da ya faɗi kuɗin.

Juma'a, 13 ga Disamba

An gama jarrabawa. Na yi barci.

Juma'a, 20 ga Disamba

Bayoinfomatiks A-, tsarin adana bayanai C+. Ya tsallake.

Na cike fom yau, bayoinfomatiks na zaɓa. Na kimiyyar kwamfuta zai buƙaci ƙarin kwas huɗu, biyu daga ciki suna karo da lab ɗin da ba zan iya ɗagawa ba, kuma zai tura ni sama da kiredit 18 a zango biyu. Malamar ta yarda tsarin adana bayanai ya maye gurbin ƙididdiga, ilimin gado kuma ya zama wanda ke aiki biyu. Saura nazarin jinom da aikin bincike. Ga ƙannena da duk mai shigowa daga ɓangaren kimiyyar halitta: ko ba a sa muku tsarin adana bayanai a dole ba ku ɗauka, amma ku fara koyon yaren da ake koyar da shi tun lokacin hutu.

Abin da ƙaramin fannin ya ci a zangon nan: littafi dala 48, ma'ajiya 62, sai albashin awa huɗu a mako da na bari tun tsakiyar Oktoba. Kuɗin makaranta bai ƙaru ba.

Nazarin jinom a zangon Janairu kaɗai ake bayarwa, na riga na yi rajista, kiredit 16 gaba ɗaya. Da yaren manhaja na R ake yin sa, don haka hutun nan zan fara koyonta. Malamin ya ce in turo masa shafi ɗaya kan BCL11A kafin 10 ga Janairu, in haɗa da jerin bayanan da ake samu ba tare da izini ba. Izinin babbar kwamfutar zai ƙare ƙarshen wata, ranar Litinin zan kai takardar sabuntawa.